Tulu Biyu, Wuta Ɗaya

Unguwar Marais, Paris
Nuwamba, 1880

Zuwa ga ƙanena Firmin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Graciana da yaran nan biyu da har yau ban taɓa ɗauka ba. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar nan da kake ba mu labari, ya sa albarka a shagonka, ya raya Celestino da 'yar ƙanwarsa. Mu ma nan lafiya gwargwado. Sanyi ya shigo mana da wuri bana, gawayi ya yi wuya, kowa ya fito da tsohon bargonsa. Ka ce ku can Buenos Aires yanzu ne zafi yake kankama. Gwaggo Zélie har gobe ba ta yarda ba, wai kai tun kana yaro ka iya tsara zance, ina aka taɓa yin Kirsimeti da gumi. Maigidana Achille yana nan a kan injinsa na juya dutse, tarin ƙurar nan nasa bai ƙaru ba bai ragu ba. 'Yarmu Mélanie da ka bari tana rarrafe ta kusa kamo ni tsawo, baki kuwa ta riga ta wuce ni, kai ka san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Hoton da ka aiko ya iso lafiya, yana kan allon murhu. Na daɗe ina kallonsa ina neman ƙanena a bayan wannan gemu. Wato haka ƙasar da ake cin nama safe da yamma take mayar da mutum? Kai da ake ƙirga haƙarƙarinka ta cikin riga, yau ga ka da tumbi har da sarƙar agogo a kai, kamar wani mai gidan haya. Achille ya ce da a titi ya gamu da kai da ya cire maka hula. Kunnuwan dai ba su canja ba, su suka sa na yarda kai ne. Graciana kyakkyawa ce, kuma idonta ya nuna mini ba ta ɗaukar wasanka, na ji daɗin hakan.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Akwai akwatin katako da zai taho jirgi ɗaya da wannan takarda, da sunanka a jiki. Ina roƙonka kada ka zare ƙusa ko ɗaya sai ka karanta ni har ƙarshe. Na san ka da ɗoki, kai ne mai tsoma yatsa a miya tun tana kan wuta, amma wannan karon ka zauna tukuna. Baba ne ya aiko maka da shi, ba da son raina ba, kuma abin da za ka yi da kayan da ke ciki shi zai nuna ko zai ga bazara mai zuwa.

Ka tuna tagwayen tulunan ado na jan dutsen marmara mai ɗigon fari, waɗanda tsoho Ravenel, maigidan shagonmu, ya karɓi aikinsu a shekarar da aka fara yaƙi? Kwafin wasu ne da aka yi wa gidan sarauta tun kafin juyin juya hali, aka taɓa kawo su gyara lokacin Baba yana saurayi, aka ɗauki samfurinsu kafin a mayar. Achille ne ya juya dutsen, duka biyun daga curi ɗaya, don jijiyar da ta tashi a jikin wannan ta ƙarasa a jikin wancan. Lokacin ba mu daɗe da aure ba, yana ta kirana in zo in gani kamar ni ce zan saya. Kai aka ba zanen tagullar da za a ɗaura musu: kan rago biyu a kowane tulu a matsayin mariƙi, da igiyar ganyen inabi da ta zagaye kafaɗa, da zoben gindi, da tukkun murfi. Ka gama na tulun farko tsaf, gashin ragon nan sili-sili har mutum ya ji kamar ya shafa. Na tulu na biyu an kawo su daga wurin masu zubi, suna kan teburinka da kaushinsu ba ka taɓa ba, sai sojoji suka shigo gari suna kama duk wanda ya tsaya a shingen titi tare da 'yan tawaye, irinka. Ka fita da rigar aiki a jikinka, ko sallama ba mu yi ba. Wanda ya ba da aikin shi ma bai taɓa dawowa ya nema ba.

Ba sai na koya maka ƙa'idar Baba ba, amma bari in maimaita, don shekara tara ke nan ina shan ta da abinci. Tagwaye hannu ɗaya ke zana su, wuta ɗaya ke yi musu zinariya. In aka kwaɓa zinariya da zaiba aka shafa wa ɗaya yau aka ƙona, aka bar ɗayan sai wata mai zuwa, to ko mutum ɗaya ne ya yi, launin ba zai zo daidai ba. Wannan ya yi ja-ja, wancan ya yi haske, duk mai ido da ya jera su zai ga kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Saboda haka ya ƙi kai na farkon wuta shi kaɗai, ya kuma ƙi yarda wani ya zana na biyun. Tsoho Ravenel ya yi ta lallashinsa a ba Barnabé, wanda yake zaune a teburinka yanzu. Baba ya ce wai Barnabé mutumin kirki ne, amma ragonsa tunkiya ce da aka yi wa aski, kuma a gaban Barnabé ɗin ya faɗa. Shi kuwa ya yi dariya ya ce ai ya huta, shi ma ba ya son aikin da za a tsaya masa a ka ana ce masa Firmin ba haka yake yi ba. A ƙarshe maigida ya gaji ya ƙyale. Baba ya kai su lungun ɗakin wuta ya rufe da tsohon mayafin Inna, duk ranar Asabar sai ya yaye ya share ƙura ya mayar.

Na taɓa tsokanarsa na ce, Baba kwafi ne fa, attajiran Amurka da ke sayen irin waɗannan ba su san rago da bunsuru ba, in dai yana ƙyalli an gama. Ya harare ni ya ce wai ni mai gugar zinariya ce shi ya sa ƙyalli kaɗai na sani. Wai shi ba don attajiri yake yi ba. Mutumin da ya yi na asalin ya mutu tun ba a haifi kakanmu ba, ba wanda ya riƙe sunansa, amma duk sanda ya ɗauki aikin mutumin nan sai ya ji kamar benci ɗaya suke zaune, kuma ba zai ba shi kunya ba. Ni dai na san ba wancan mamacin kaɗai yake zama benci ɗaya da shi ba, har da kai.

A takardun baya ina taƙaita maka zancen jikinsa, don ba abin da za ka iya yi daga can. Yau zan faɗa maka yadda yake. Hayaƙin zaiba ya ci shi kamar yadda ya ci Kawu Prosper. Haƙora sun zube saura biyu. Rawar hannun da ka sani, wadda da sai ya gaji take zuwa, yanzu ta kai kafaɗa, wani lokaci har kai. In ya ɗebo miya a cokali rabi ke kaiwa baki, don haka burodi nake jiƙa masa a madara, ya ci yana mita wai an mayar da shi jariri. Achille ke yi masa aski ranar Lahadi, ni nake ɓalla masa maɓalli. In baƙo ya shigo sai ya ɓoye hannuwansa ƙarƙashin tebur, in an lura ya fusata. Ya zama mai saurin fushi da saurin kuka, Baban da ko a jana'izar Inna bai bari an ga hawayensa ba. Kuɗin azurfar nan da yake sakawa a baki in zai tsaya kan wuta, wai yana tare zaiba, har yau yana aljihunsa. Na ce masa da yana tarewa ai da haƙoranka na nan, ya ce da babu shi da tuni ina kai masa fure kabari. Shekara biyu ke nan likita ya hana shi kusantar wutar. Yana dai zuwa shago kullum da safe, ya zauna kusa da teburina yana gyara wa kowa aikinsa da baki.

Tun da aka yi wa 'yan tawaye afuwar nan a watan Yuli unguwa ta canja. Mutanen da aka daina ambaton sunansu sai ga su suna dawowa, wasu daga Landan, wasu daga Geneva, wasu daga tsibirin nan mai nisa da aka kai fursunoni. Eusèbe, ɗan Clémence mai sayar da gawayi, ya dawo da furfura da ƙafa ɗaya tana ja, uwarsa ta rufe shago kwana da kwanaki tana dafa masa duk abin da ya ambata. Na taya ta murna da zuciya ɗaya, na dawo gida na shiga ɗaki na yi kuka. Baba kuwa sai ya tsiri wata ɗabi'a. Duk ranar da aka ce jirgin ƙasan masu dawowa zai iso, sai ya sa a saka masa baƙar rigarsa ta coci ya kama hanyar tasha. In na tambaya ya ce wai kallon jama'a zai je, ko an hana tsoho kallo ne. Ya san sarai ba ka rubuto kana zuwa ba. Ran nan na bi shi a baya bai sani ba. Na same shi jingine da ginshiƙi, hannuwa cikin aljihu don kada a ga rawarsu, yana bin fuskar duk namijin da ya sauko da jaka. Bai motsa ba sai da masu shara suka fara aiki. Na riga shi dawowa gida na ɗora ruwa a wuta, da ya shigo ya ce taron yau ba armashi.

Sai takardarka ta zo. Na karanta masa a teburin cin abinci, Achille da Mélanie suna zaune. Ka ce ka ji labarin afuwa ka yi murna, amma shago yanzu ya fara tsayawa da ƙafarsa, kana da aikin mariƙan ƙofa da fitilun coci da kayan linzamin masu shanu, yara ƙanana ne, teku ba wasa ba, ƙila wata shekara. Ban ga laifinka ba, kowace kalma gaskiya ce. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya sa na sake karanta wurin da ka ce takwaransa Celestino yana ɗaukar guduma yana dukan ƙafar tebur. Sai ya tambaya da wane hannu yaron yake riƙewa, na ce ba ka faɗa ba, ya ce wai kai kullum abin da ya kamata ka faɗa shi kake bari. Daga ranar bai sake zuwa tasha ba. Wallahi Firmin, zuwan nasa yana ƙona mini rai, amma dainawar ta fi.

Ka san tsoho Ravenel ya rasu bara, ɗansa Aristide ke riƙe da shago. Yaron ba shi da laifi. Ya tara mu watan jiya ya ce bayan bikin Ista zai rushe ɗakin wuta, duk aikin zinariya zai koma bahon nan da ake tsoma kaya a sa lantarki, wai ya gaji da ganin mutane suna shiga ɗakin nan da hannu lafiya suna fita da rawa. Ni na ji daɗi, ban kuma ɓoye ba. Baba kuwa ka san ra'ayinsa kan zinariyar baho, wai siririya ce kamar ɓawon albasa, ba ta da nama, in na ɗora dutsen guga a kai ma sai in ji tausayinta. Wannan kam gaskiyarsa ce, hannuna ya san bambancin, amma na gwammace siririyar zinariya da ƙarin maraya a unguwa. Da yamma Aristide ya zo har gida da hula a hannu, ya ce tagwayen nan ya ba Baba kyauta, ladan shekarun da ya yi wa gidansu. Ya ƙara da cewa in Baba ya yarda, a bar Barnabé ya ƙarasa zanen a tsoma su a baho gaba ɗaya, launi zai zo ɗaya, ba hayaƙi ba komai. Baba ya gode masa sosai, ya sa na zuba masa ruwan inabi, sa'an nan ya ce wai shi bai haifi ɗa ya koya masa aiki don a yi wa aikin wanka ba.

Kashegari ya sa Achille ya haɗa akwati. Ga abin da ke ciki: zubin tulu na biyu duka, da naɗin fatar nan mai ƙarafunan zanenka da ka ƙera da hannunka, da 'yar gudumarka mai ƙotar da babban yatsanka ya cinye. Duk shekarun nan shi yake shafa musu mai, ko ɗigon tsatsa ba za ka gani ba. Akwai kuma kan rago ɗaya daga cikin waɗanda ka gama, don ka riƙa dubawa. Wannan sai da ya saka ya cire, ya saka ya cire, kafin ya bari aka rufe. Shirinsa shi ne ka zana su a can, ka saka a jirgi su iso kafin Ista, shi kuma ya hura wutar ɗakin nan karo na ƙarshe ya yi wa tagwayen zinariya tare, ni in goge, Achille ya ɗaura a jikin dutsen. Wai ta haka dukanmu mun taɓa su. Na ce masa shekara tara fa, Baba, mutumin da yake zana linzami, anya hannun yana nan yadda yake? Ya ce in rufe masa baki, shi ya sa maka guduma a hannu, ya fi ni sanin abin da ya saka.

Mun yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba, har Clémence ta leƙo ta taga. Don likitan da ke duba shi ya riga ya gaya mini a bakin ƙofa, bai kuma tauna ba, cewa ƙirjinsa ba zai ɗauki wani hayaƙin ba. Kai kuma ka san aikin tagwaye ba na rabin yini ba ne. Kowane yanki sai an shafa an ƙona, a wanke, a sake shafawa a sake ƙonawa, mutum yana sunkuye a kan gawayi yana juya shi da awartaki yana baza kwaɓin da burushi, hayaƙin yana wucewa ta gaban hancinsa kafin bututu ya ja. Da wannan hannun mai rawa zai fi kowa daɗewa a kai. Na gaya masa abin da likita ya ce. Ya ce ya ji, ai ba kurma ba ne, bangon gidanmu kuma ba dutse ba ne. Sai ya tambaye ni wai to me ake ajiye ƙirjin ya yi. Na ce a ba wani daga cikin samarin shago ya tsaya kan wutar yana faɗa masa yadda zai yi, ya ce su ba su san lokacin da zinariya take nuna ba, za su ƙona maka aiki. Na yi barazanar ɓoye akwatin. Achille ya ja ni gefe ya ce in na ɓoye, to ni na kashe shi ba hayaƙi ba, tun da aka fara zancen akwatin nan ne tsohon ya koma cinye abincinsa. Ka san Achille ba ya magana sai sau ɗaya a wata, in ya yi kuma ba ta da daɗi. Shi ya buga ƙusoshin, ni na rubuta sunanka.

To ga inda muke, ƙanena. In ka zana su ka saka a jirgi suka iso su kaɗai, Baba zai shiga ɗakin nan ba mai iya tare shi, tulunan za su yi kyau, mu kuma mu binne shi kafin bazara, bai gan ka ba. In ka mayar da su yadda suke ka ce ba ka da lokaci, wannan ma ban san yadda zai tashi daga gare ta ba. Saboda haka abu ɗaya nake roƙo. In za ka gama su, ka ɗauko su da hannunka ka kawo. Ka tuna kafin ka taɓa riƙe gudumar zane, shekara biyu ka yi a gefensa a ɗakin wuta, shi da kansa ya fitar da kai ranar da ya ga dasashinka ya fara jini, ya je ya roƙi maigida a mayar da kai teburin zane. Kai kaɗai ne a duniya zai yarda ka riƙe masa awartaki yana zaune a bakin ƙofa, inda iska take, yana yi maka tsawa. Ƙirjinka lafiyayye ne, wuta ɗaya a ƙarƙashin bututu ba za ta yi maka komai ba. Wa ya sani ma, ƙila in ya gan ka ya manta da tulu. In kuwa ba za ka iya zuwa ba, to don Allah kada ka gama su. Ka ajiye su a wurinka, ka rubuto ka ce aikin yana tafiya a hankali, har Ista ta wuce a rushe ɗakin. Zai yi fushi, ni zan sha fushin, na saba. Gara ya zauna yana zaginka yana jira.

Ban ce ka rufe shagonka ba, ban ce ka bar iyalinka ba. Wata uku ne ko huɗu. Ka karanta wa Graciana wannan da harshensu, ka ce mata ni Honorine na san abin da nake roƙonta ba ƙarami ba ne, ni ma da ce mini aka yi Achille zai hau teku ya bar ni da yara da sai an ji mu a titi. Amma ita ma tana da uba, ka ce ya baro tsaunukansu ya bi ta can, kullum yana ganinta. Ta auna da wannan. Lokacin da Inna ta rasu ba ka nan, ban taɓa yi maka gori ba, don a lokacin in ka tako ƙasar nan kurkuku ne ko harbi. Inna ma ta sani, har ta cika tana cewa kada a gaya maka da wuri, kada ka yi wauta ka taho. Yanzu ba mai neman kanka. Eusèbe yana zaune a ƙofar uwarsa yana shan taba, ɗan sanda na wucewa suna gaisawa.

Ni ma fa ina son ganinka, kada ka ɗauka duk don Baba ne. Na gaji da zama babba ni kaɗai. Akwai ranakun da nake jin haushinka sosai, in ina wanke masa riga ko ina tsince burodi daga gemunsa, in ce wancan yana can yana cin gasasshen nama yana aiko hoto. Sai kuma a shago, ina tsakiyar guga, wani daga can ƙurya ya buga guduma da irin bugunka, sauri-sauri sa'an nan ɗan tsayawa, in ɗago kai kafin in tuna. Har yau ina yi, matan teburinmu sun daina yi mini dariya. Ba wanda ya rage da zan ce masa ka tuna ɗakinmu na sama da ruwa ke zuba a kan gadonka, ko ranar da ka saci cukun Gwaggo ka ce kyanwa ce, alhali ba mu da kyanwa. Achille yana saurara, amma bai kasance a wurin ba. Ina so in zauna da kai ko da yini ɗaya ne in yi maka faɗa baki da baki, takarda ba ta ɗaukar murya.

Ka gaishe mini da Graciana da kyau, ka ce na gode da ƙyallen wuya da ta saƙa wa Baba, shi yake ɗaurawa kullum ko da yake ya ce launin na mata ne. Ka sumbaci Celestino da 'yar Inés, ka gaya musu suna da gwaggo mai faɗa a hayin teku. Ka gaida surukinka dattijo. Achille yana gaishe ka, ya ce ka buɗe akwatin ta gefen da ya yi alama da alli. Mélanie tana gaishe ka, wai ka taho mata da aku. Gwaggo Zélie ta ce Allah ya shirye ka. Barnabé da Eusèbe da Clémence duk suna gaisuwa.

Baba kuwa, da na ce masa zan rufe takarda, ko yana da saƙo, sai ya ce a'a, duk abin da zai faɗa yana cikin akwati. Sai kuma ya ce to in gaya maka kada ka yi gaggawa a gashin goshin ragon, nan ne kullum kake ɗoki. Na ce to. Na tashi har na kai ƙofa, sai ya kira ni, bai dube ni ba, yana kallon murhu. Ya ce wai in tambayo masa, jiragen ruwan nan suna tafiya kuwa da hunturu, ko sai sanyi ya wuce.

Jiya na je ofishin masu jirgin na tambaya. Suna tafiya, Firmin, kowane wata.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka mai kewarka,
Honorine